Allon da Labaran Ya Kafa

Asabar ɗin ƙarshe kafin a koma makaranta, Labaran ya shigo gida da wani faffaɗan falle na filawud, leburori na biye da shi ɗauke da bencina. Katako yake sayarwa a kasuwar Laranto da ke Jos, don haka bai nemi kafinta ba. Da kansa ya ɗora fallen a bangon tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, ya bi shi da ƙusa, ya ja baya yana kallon aikinsa yana murmushi.

Matarsa Ummusalma tana bakin famfo tana wanke yunifom ɗin 'yarsu Sumayya. Malamar aji uku ce a wata firamare ta gwamnati, kuma ta san allo in ta gan shi, ko da ba a shafa masa baƙi ba.

"Baban Sumayya, wannan kuma na mene ne?"

"Naki ne. Yaya ta yanke shawara yaranta ba za su koma makaranta bana ba. A gida za su yi karatu."

"Wane gidan?"

Ya yi dariya. "Gida nawa muke da shi mai malama a ciki?"

Ka ji fa. An zauna, an tattauna, an yanke, har an auna bango an yanko katako, amma wadda za ta tsaya a gaban allon ba a ga dalilin tambayarta ba. Hajiya Tabawa ita ce yayar Labaran, mai shagon atamfa a kasuwar Kwararafa, kuma a gidansu in ta yi magana an gama. Wai a waya ta ga manyan mutane yanzu sun daina tura 'ya'yansu makaranta, a gida ake koya musu. Abin ya burge ta ƙwarai. Abin da ba ta tsaya ta gani ba shi ne, waɗancan iyayen su suke zama su koyar, ko su ɗauko wanda ya yarda.

Labaran ya ajiye mata leda cike da matattun batura. "Kin san yadda kuke yi," ya ce. Ta sani kuwa, duk farkon zango ita take yi wa allon ajinta. Ranar Lahadi ta fasa baturan, ta daka baƙin cikinsu, ta kwaɓa da ruwa da ɗan koko, ta bi fallen da tsumma har ya yi baƙi wuluk. Da hannunta ta yi, tana gaya wa kanta sati ɗaya ne Hajiya za ta gaji da wannan sabon yayi.

Hajiya ba ta gaji ba, don ba ita take yi ba.

Wanda bai taɓa shiga ajin gwamnati a satin komawa ba, ba zai gane ba. Yara sun dawo daga dogon hutu sun manta ko yadda ake riƙe fensir. An ƙaro sababbi, benci bai ƙaru ba, wasu a ƙasa, wasu a taga. Ga damina ba ta gama ɗaukewa ba, in ruwan Jos ya sauko a kan kwanon ajin, sai malama ta ɗaga murya ta fi ruwan kafin na baya su ji. Haka Ummusalma take yi tun daga taron safe har a tashi.

Ta dawo gida ƙafafunta na zogi, ta tarar da bencina a cike. Yaran Hajiya ne, babbar tana shirin jarrabawar fita firamare, ƙaramin ko baƙi bai sani ba. Kowa da matakinsa, allo ɗaya, malama ɗaya. Daga la'asar har kiran magariba tana tsaye, ta bar wannan da lissafi ta koma wa wancan da a, ba, ca, ta raba faɗa, ta sake maimaitawa. Sannan ta shiga kicin.

A sati na biyu Jabir, ƙanin Labaran, ya sauke nasa yaran daga babur a ƙofar gida. "Anti, tunda dai an riga an buɗe," ya ce, ya ja babur ɗinsa. Na ƙarshen cikinsu ko tafiya bai gama ƙwarewa ba.

Sumayya kuwa, 'yar gidan, ita ce ba ta da wuri a bencin. A aji ɗaya take, an ba su ɗan littafin karatu mai hotuna, kullum bayan an ci abinci sai ta zo da shi ta jingina da gwiwar uwarta.

"Mama, ki karanta mini na akuyar nan."

"Gobe, Sumayya. Maƙogwarona ya gaji."

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa, yarinyar ta koma buɗe littafin ita kaɗai tana ƙirƙirar labarin daga hotuna.

Muryar ta fara dishewa ne da yamma, ta dawo da safe. Daga baya ta daina dawowa. In Ummusalma ta fara jimla, sai ƙarshenta ya ɓace, ta yi gyaran murya ta sake. Haɗiyar yawu ma sai ta runtse ido. Ta samu Labaran yana cin tuwo ta gaya masa.

"Baban Sumayya, ba zan iya haɗa biyun nan ba. Ka yi wa Yaya magana."

"Haba, Maman Sumayya. Magana ce fa kawai. Ni da nake wuni ina jidar katako ban ce komai ba, sai ke da kike tsaye a inuwa da alli?"

"Ciwo yake mini."

"Sanyin gari ne. Zan taho miki da citta da zuma."

Ya taho da su kuwa, har da kanumfari, ya ajiye a gabanta da fuskar wanda ya sauke nauyi. Da Hajiya ta zo ɗaukar yaranta ta ji muryar, sai ta ce, "Ai ke ma kin cika ihu, Malama. A hankali ake koyarwa. Ni fa ba don na yarda da ke ba, ba zan ba ki amanar 'ya'yana ba." Jabir kuma ya ce lada take tarawa, ranar lahira za ta gode musu. Kowa da tasa hujjar, kuma duk hujjojin nan da lafiyayyar murya aka faɗe su.

Wadda ta fara tsorata ba 'yar gida ba ce. Madam Adaku ce, shugabar makarantar, wadda take zuwa daga Bukuru kullum da lemarta. Tana zagayen azuzuwa ta tsaya a tagar aji uku, ta ga Ummusalma tana buga sanda a tebur, bakinta na motsi, yaran baya suna ta wasansu don ba abin da yake isa gare su. Ta kira ta ofis, ta tare ta da Hausarta da ba ta gama nuna ba.

"Malama, wannan murya naka ba mura ba ne. Na daɗe a aikin nan, na ga wanda murya ya tafi bai dawo ba. Me kana yi da shi bayan an tashi?"

Ummusalma ta gaya mata, da abin da ya rage na muryarta.

Madam Adaku ta cire tabarau ta ajiye. "Kana koyarwa a nan, kana koyarwa a gida? Chineke! Abeg, gobe kar ka zo. Je asibiti, kuma ka tafi da oga naka, ya ji da kunnensa."

Labaran ya ji da kunnensa kuwa, kada wani ya ce bai sani ba. Likitan maƙogwaro ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya juyo ya dubi Labaran, ba ita ba. Ya ce jijiyoyin muryarta sun yi kanta, irin wadda take fitowa a tafin hannun manomi. Ya ce ta rufe bakinta ruf har ƙarshen wata, ko raɗa kada ta yi, don raɗa ta fi magana ɓarna. In ta kiyaye, akwai fatan su saki. In ba ta kiyaye ba sai tiyata, kuma ko an yi, ba ya alkawarin za ta sake tsayawa gaban aji.

"In sha Allahu, likita," in ji Labaran, yana ta gyaɗa kai. "Za a kiyaye."

Madam Adaku ta yi nata. Ta ce ita da kanta za ta riƙe aji uku, sauran malamai su taimaka mata da awannin da ba su da darasi. "Je gida, kulle baki. Ajinka yana jiranka."

Tun a cikin keke a hanyar dawowa Labaran ya kira yayarsa. Ummusalma tana zaune a gefensa tana jin komai, don Hajiya ba ta iya magana a hankali ba.

"An ba ta hutu har ƙarshen wata, Yaya."

"Kai, alhamdu lillahi! Ka ga abin ya zo daidai. Dama karatun yamma bai ishe su ba. Sai su riƙa zuwa tun safe."

"Likita dai ya ce kada ta yi magana."

"To wa ya ce ta yi magana? Ba ga allo ba? Ta rubuta musu mana. Hannun ma ciwo yake?"

Labaran ya saci kallon matarsa, ya mayar da idonsa kan titi. "Haka ne kuma, Yaya."

 Ba ciwon ne ya fi ƙona wa Ummusalma rai ba, a'a, wannan "haka ne kuma" ɗin ne, daga bakin da ya gama ce wa likita za a kiyaye. Ta buɗe baki, ta tuna, ta rufe. An kai ta inda ko kare kanta za ta yi, sai ta biya da abin da take ƙoƙarin cetowa.

Washegari Sumayya ta tafi makaranta, Labaran ya tafi kasuwa, aka sauke mata yara tun rana ba ta yi zafi ba. Ta gwada abin da Hajiya ta ce. Ta rubuta wa manyan lissafi, ta zana wa ƙananan baƙaƙe. Amma yaron da bai iya karatu ba, me rubutu zai gaya masa? Ta tafa hannu, ta buga benci, ta zare ido. Suka gane malama ba ta da baki yau, gidan ya koma filin wasa.

Tana raba biyu da suke kokawa a kan fensir, ta hango ƙaramin ɗan Jabir ya nufi kurfoti. Tukunyar ruwan zafi ce a kai tana tafasa, yaron ya miƙa hannu zai kama murfin. Ta manta da likita, ta manta da komai, ta ƙwala masa kira da iya ƙarfinta.

Iska ce kawai ta fito.

Ta yi tsalle ta tsallake benci, ta ture tukunyar gefe da hannu ɗaya, ta fizgo yaron da ɗayan. Ruwan ya bi bayan hannunta ya zube a ƙasa. Yaron ya tsala kuka don tsoro, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ita kuwa ta tsaya da hannu a cikin bokitin ruwan sanyi, tana kallon allon. Muryar da ta raini yaran mutane shekara da shekaru, yau ta kasa tsayar da yaro ɗaya daga taku kaɗan.

Ta ɗaure hannun da tsumma mai tsabta. Ta shiga ɗaki ta ɗauko hamar Labaran, mai bakin cire ƙusa. Yaran suka tsaya suna kallonta tana zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, har allon ya saki bango. Ta yafa mayafi, ta sa manyan suka kama mata shi zuwa bakin titi.

Mai keken da ya tsaya Dantong ne, ɗansa ya taɓa zama a ajinta. "Malama, lafiya? Ina za mu da wannan kaya?"

Ta ciro alli ta rubuta a jikin allon da manyan baƙaƙe: KWARARAFA. Ya karanta, ya dubi hannunta, ya dubi yaran, bai ƙara tambaya ba. Ya ɗaure allon a saman keke, ya tsayar da wani abokin aikinsa aka raba yaran.

Sun iske shagon Hajiya Tabawa a cike, mata suna ta ɗaga atamfa suna dubawa a haske. Muryar Hajiya ce ta fara tarbar su tun daga waje. "Ni ai nawa sun bar zuwa makaranta, a gida muke koya musu. Sai ka sa ido da kanka a zamanin nan."

Ummusalma ta sa aka sauke allon, ta jingina shi a jikin kantar atamfa, daidai inda kowa zai gani. Ta shigo da yaran ta zaunar da su a kan kafet, layi-layi, manya a baya, ƙanana a gaba, yadda ake yi a aji. Sannan ta tako har gaban Hajiya, ta kamo hannunta mai zobba, ta sa mata alli a tafi, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Ke! Mene ne haka? Malama, kin haukace ne? Yi magana mana!"

Ummusalma ta ɗaga hannunta mai tsumma ta nuna mata. Ta nuna maƙogwaronta. Ta nuna allon, ta nuna Hajiya.

Wata mai sayen atamfa, da gaske ko da gangan, ta ce, "Ayya Hajiya, ashe ke ce malamar? To bismilla, mu ma mu ƙaru."

Aka kwashe da dariya. Hajiya tana ta kiran sunan Labaran kamar yana bayan kanta, ɗan Jabir ya riga ya jawo turmin atamfa ɗaya ƙasa. Ummusalma ta gyara mayafinta ta fita, ba ta waiwaya ba.

Kafin la'asar Labaran ya dawo gida, ko kasuwar bai tashi ba. Ya tsaya a tsakar gida gaban ramukan ƙusa yana huci.

"Kin kunyata Yaya a gaban mutane! Matar da ta riƙe ni! Ga waya, ki kira ta yanzu ki ce ta yi haƙuri. Kalma biyu ce, ba za ta kashe ki ba."

Ta kwance tsumman ta nuna masa hannun, fatar ta tashi ta yi ruwa. Ya kalla, ya ɗan yi turus, amma ya ce ai tsautsayi ne, ko ba yara ma yana iya faruwa.

"In ba za ki ba ta haƙuri ba, to ki san inda za ki."

Ta shiga ɗaki. Ya ɗauka wayarta za ta ɗauko. Sai ga ta da akwatinta, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ɗora jakar makarantar Sumayya a kai, ta zauna a gefe tana kallonsa. Ba hawaye, ba rawar jiki. Labaran bai shirya wa wannan ba. Ya saba da mace mai bayani, wadda za a yi ta ja da ita har ta gaji ta ce to. Wannan ba ta ba shi kalma ko ɗaya da zai kama ba. Ya yi ta zagaye tsakar gida, ya ce shi ba haka yake nufi ba, ya ce ita ma ta san halin Yaya, a ƙarshe ya buga ƙofa ya fita. Daga ranar ya ɗauke mata magana, wai fushi yake. Wannan gabar ita ce taimako na farko da ya yi wa muryarta.

Makarantar Hajiya ba ta kai Juma'a ba. Yaran suka hana ta ciniki, suka hana ta waya, ita da kanta muryarta ta fara dishewa. Ranar Litinin aka gan su da sabon yunifom a hanyar tsohuwar makarantarsu, na Jabir ma haka. Hajiya ta ce wa abokan cinikinta ta sake nazari ne, yaro yana bukatar cuɗanya da 'yan'uwansa. Ba wanda ya zo duba hannun Ummusalma. Abin da ake ta aikowa da shi dai shi ne, har yanzu ba ta ba da haƙuri ba.

Irin wannan zalunci ba ya barin tabo a inda ake dubawa, shi ya sa masu yinsa suke kwana da daɗin rai. Ba wanda zai ce wa tela ya ɗinke wa dangi kaya bayan ya tashi daga shago da yankakken yatsa. Amma malama, tunda aikinta da baki ne, sai a ɗauka rijiya ce, kowa ya zo da gugansa. Kuma ranar da ta ce ya isa, ita ce mai laifi.

Da wata ya ƙare ta koma asibiti ita kaɗai. Likita ya leƙa, ya ce kantar ta ragu sosai. Ya ce ta fara magana kaɗan-kaɗan, ta yi tattalin muryar, kada ta kashe ta a kan abin da bai zama dole ba.

Ta dawo gida da yamma ta tarar da Sumayya a kan tabarma da littafinta, tana gaya wa hoton akuya abin da ta ga dama. Ummusalma ta zauna, ta jawo ta jikinta, ta ɗora yatsa a layin farko ta fara karantawa. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, da ɗan kaushi, amma ta fito. Yarinyar ta ɗago kai ta zuba wa bakin uwarta ido.

Labaran yana ɗaki ya ji. Ya fito da sauri, fushin makonni ya bi iska, waya a hannunsa har ya riga ya danna.

"Alhamdu lillahi, ta dawo! To ga Yaya a layi. Ki faɗa mata kawai a wuce wurin."

Ummusalma ba ta ɗauke yatsanta daga layin ba. Ta ɗago ta dube shi.

"Baban Sumayya, likita ya ce in yi tattalinta. Ranar Litinin aji uku suna jirana. Yarinyar nan kuma tun farkon zango take jira. Babu ragowar da zan ba da haƙuri da ita."

Daga cikin wayar ana jin Hajiya tana cewa, "Halo? Labaran? Tana ina? Ina jinta!"

Ummusalma ta mayar da kanta kan littafin.

"Ina muka tsaya, Sumayya?"